Tabarau Mai Ja da Shuɗi

Sai da Malam Halliru ya ja igiyar janareta har kafaɗarsa ta yi tsami, sannan injin ya yi tari ya kama. Ya goge hannu a gefen riga, ya koma ɗakin gwaje-gwaje da sauri. 'Yan ajin ƙarshe sun riga sun cika bencina, maza a dama, mata a hagu, kowa ya miƙa wuya wajen teburin da kwamfutar take. Shugaban makarantar, Malam Abdulƙadiri, shi ma ya baro ofis ya ja kujera ya zauna a gaba, ya harɗe ƙafafu.

Shekara da shekaru Halliru yana koyar da kimiyyar sinadarai a wannan sakandare ta Wurno, ba shi da kayan aiki sai allo da alli. In darasi ya kai ga siffar ƙwayar sinadari, yadda zarra take haɗuwa da 'yar'uwarta, sai ya tsinto 'ya'yan aduwa ya huda su, ya haɗa su da tsinken tsintsiya. Kafin ya gama bayani rabinsu sun zube ƙasa, yara suna dariya. Sau ɗaya tak ya taɓa ganin abin yadda ya kamata, a wani taron horar da malamai a Sakkwato, tun yana da baƙin gemu. Aka sa masa tabarau na kwali, ido ɗaya ja, ɗaya shuɗi, aka zaunar da shi gaban kwamfuta, sai ga ƙwayar ta baro gilashi ta tsaya a iska daidai hancinsa, har ya kai hannu zai taɓa. Tun daga ranar abin bai bar ransa ba.

Bana wani tsohon ɗalibinsa da ke aiki a Kaduna ya aiko masa da tsohuwar kwamfuta ta tebur, mai ƙaton akwati da ake ajiyewa a ƙasa, da manhajar a ciki. Tabarau ne suka makara. Sai da safen nan direban motar Kaduna ya miƙo masa su a ambulan, ana shirin buga ƙararrawa, ko buɗewa bai samu ya yi ba.

Hoton ya fito. Ƙwallaye ne da sanduna bisa baƙin fili, amma kowane ƙwallo da inuwa biyu, ja a gefe ɗaya, shuɗi a ɗayan, sai ka ce mai ɗab'i ya yi kuskure.

"Malam, ai ya ɓaci," in ji wani daga baya.

"Bai ɓaci ba," Halliru ya ce. "Hoto biyu na, an aza ɗaya bisa ɗaya. Ja na ido guda, shuɗi na ido guda. Kowane ido shi ɗauki nashi, ƙwaƙwalwa ta haɗa su, sai ka ga mi ke gaba, mi ke baya. Don haka Allah ya yi muna ido biyu."

Ba da ka ya zaɓi ƙwayar da zai nuna musu ba. Kusan duk yaran nan iyayensu manoman rani ne, masu albasa da shinkafa a bakin ruwan da ake sakowa daga madatsar Goronyo. Kowannensu ya taɓa goya tankin feshi, da yawansu da hannu suke dama maganin, babu safa, babu ƙyalle a hanci. A ranin bara an wuce da wani manomi ta ƙofar makarantar nan a kwance cikin amalanke, bakinsa yana kumfa. Halliru yana so su ga gubar da idonsu, su ga ramin da take shiga a cikin sinadarin da ke kula da jijiyar mutum, ta toshe shi.

Ya yage ambulan, ya miƙa wa shugaban makaranta tabarau na farko don girmamawa. Malam Abdulƙadiri ya ɗora shi a kan hanci yana murmushi, ya dubi gilashin, sai ya ja kai baya da ƙarfi har hularsa ta goce.

"La'ilaha illallahu! Halliru, abin ga ya hito!"

Aji ya kaure. Aka shiga karɓa-karɓa. Wata yarinya mai suna Asabe ta kai yatsa cikin iska tana neman ƙwallon da ke gaba, ta janye da sauri kamar ta taɓa wuta. Wani ya leƙa ta gefen kwamfutar ya ga ko akwai wani abu a baya. Halliru yana tsaye da linzamin kwamfuta a hannu, yana juya ƙwayar a hankali, ransa fari. Ya bar kansa a ƙarshe, kamar mai gida da ya tara baƙi.

Da aka gama zagaye, ya karɓi tabarau daga hannun Asabe, ya sa, ya sunkuya.

Hoto ne shuɗi, a shimfiɗe, kamar na kalandar bango. Babu abin da ya fito, babu abin da ya shige. Ya matsa kusa, ya ja baya, ya juya ƙwayar. Ya cire tabarau ya kifa shi, ja ya koma dama. Hoton ya zama ja, amma yana nan a shimfiɗe.

"Wani ya taɓa wani abu," ya ce. "Saitin ya goce."

Malam Abdulƙadiri ya mai da nasa tabarau. "A'a, yana nan yadda shike. Ga ramin can ciki, ga gubar bakinai."

"Yana nan, Malam," yara suka amsa.

Halliru ya gyara tabarau yadda yake da farko. Ya ɗaga tafin hannu kamar zai share gumi, ya rufe idon dama.

Kwamfutar ta ɓace. Teburin ya ɓace. Abin da ya rage wani duhu ne mai kauri, kamar ruwan rafi bayan an sako dam, sai can ƙasa a kusurwa wani ɗan haske da ya gane na taga ne. Ya ƙifta, ya sake ƙiftawa. Ya cire tabarau gaba ɗaya, hannunsa bai bar idon dama ba. Duhun bai motsa ba.

Ya sauke hannu. Ajin ya dawo, fuskoki suna kallonsa suna jira.

"To," ya ce, muryarsa ta fito daidai har ya yi mamaki. "Masu tabarau, ku gaya min. Wane ƙwallo ag gaba?"

Suka faɗa. Ya gyaɗa kai. Ya juya ƙwayar, ya sake tambaya, suka sake faɗa, ya sake gyaɗa kai. Haka ya kai darasin ƙarshe, ya yi musu bayanin safar hannu da wanke jiki bayan feshi, ya tattara tabarau ya mayar cikin ambulan. Malam Abdulƙadiri ya dafa kafaɗarsa a bakin ƙofa ya ce za a gayyato jami'an ilimi su zo su gani. Halliru ya ce madalla, sannan ya nemi izini, wai yana da uzuri a Goronyo.

Sai da ya hau babur ya ɗauki hanya abubuwa suka fara dawo masa. Shayin da ya zuba a gefen kofi kwanakin baya, matarsa Uwaliya tana yi masa dariya wai hankalinsa yana wajen kwamfuta. Kafaɗarsa ta hagu da ta saba bugun ƙyauren ɗaki. Ɗan kabu-kabun da ya bi shi da zagi a kasuwa wai ya shiga gabansa. Duk ya ɗora wa gajiya.

Rana ta take. Dama da hagu gonakin albasa ne kore shar, injinan ban-ruwa suna ta ƙugi a bakin magudana, buhuna a jere a gefen titi suna jiran manyan motoci. Can cikin wata gona wani mutum yana tafe da tanki a baya, babu riga, iska tana mayar masa da feshin a ƙirji. Halliru ya dube shi ya wuce.

Bai ga amalanken ba sai da ƙahon bijimin da ke jansa ya daki madubin babur. Daga wata 'yar hanyar gona ta hagu ya fito, shaƙe da buhunan albasa. Babur ya yi tangal-tangal ya sauka gefen titi cikin yashi, Halliru ya kafa ƙafa da ƙyar. Mai amalanken ya miƙe tsaye a kan buhuna, sanda a hannu.

"Haba, Malam! Ba ka gani? Tun can nika yi maka ihu!"

Halliru ya ɗaga hannu alamar ban haƙuri, ya tsinci gilashin madubin da ya faɗi ya jefa cikin aljihu, ya ci gaba a hankali, yana juya kai hagu kamar tsuntsu.

A asibitin Goronyo akwai ɗan ɗakin duba ido, kuma mai kula da shi Ƙasimu ne, abokin karatunsa tun firamare. A barandar tsofaffi ne zaune a benci, yawancinsu farar yana ta rufe musu ido, kowa da wanda ya jawo shi. Halliru ya zauna a ƙarshen layi. Da Ƙasimu ya leƙo ya gan shi, sai ya yi dariya.

"Malamin sinadarai! Wa ka kawo?"

"Ni na kawo kaina."

Dariyar ta tsaya. Ƙasimu ya koma ciki har layi ya iso kan Halliru. Ya zaunar da shi, ya rufe masa idon hagu, Halliru ya karanto haruffan bango har kusa da ƙasa. Ya rufe na dama. Halliru bai karanto ko ɗaya ba.

"Babban na sama hwa?"

"Ba ni ganin bangon ma, Ƙasimu."

Ƙasimu ya kaɗa hannu a gaban fuskarsa, ya haska tocila, ya ɗiga masa magani, ya auna ƙarfin idon da wata 'yar na'ura. Sannan ya ja labule, ya matso da fitilar leƙa cikin ido har numfashinsa yana taɓa kuncin Halliru. Ya daɗe a idon hagu. Ya fi daɗewa a na dama.

Da ya buɗe labule, bai zauna ba. Ya tsaya yana goge na'urar da auduga.

"Tun yaushe?"

"Yau na sani."

"Yau ka sani, amma ba yau ya hwara ba. Halliru, hawan jinin ido na. Ruwan cikin ido ke taruwa shi danne jijiya, a hankali, babu ciwo, babu ja. Ɗayan idon shi riƙa rufa ma ɗan'uwanai asiri har abu shi yi nisa."

"Aiki za a yi?"

"Waɗanda ka gani waje, su ad da sa'a. Yanar ido ta, a kankare, gobe su ga jikokinsu. Wanga ba haka shike ba. Jijiyar da ta mutu ta mutu." Ya ajiye audugar. "Na hagu sai haƙuri. Na dama nika tsoro, don shi ma ya taɓu daga gefe. In an kama shi yanzu, da magani kullum safe da dare, ana iya riƙe abin da ya saura. Ba ni yi maka alkawari. Za ni rubuta ka Sakkwato, likita shi duba, wataƙila su ce aiki. Kada ka bari mako shi juyo."

Halliru ya dubi haruffan bango. Da ido biyu a buɗe yana ganinsu tsaf, kamar babu abin da ya faru.

"Baba Mode," Ƙasimu ya ce a hankali. "Mi anka ce ya makantar da shi?"

Baba Mode mahaifin Halliru ne. Yana cikin mutanen farko da suka sami fili a bakin magudana lokacin da ruwan dam ya iso, kuma albasarsa har Kudu ake kai ta. Yana tsakiyar ƙarfinsa ido ya tafi, garau da shi kamar na mai gani. Wasu suka ce hannu aka sa masa saboda filin. Aka yi rubutu, aka yi turare, aka sayar da shanu. Filin ya koma hannun wasu.

"An ce sammu na," Halliru ya ce.

"Ba sammu ba na. Jini na. Ƙannenka duka su zo, da ɗiyanka in sun tasa. Kuma ba ni mabuɗin mashin."

"Ƙasimu, da mi za ni koma?"

"Da mota, awa kowa. Madubin ga da ya hwashe, na gan shi ta taga tun kana ajiyewa. Ba ni."

Halliru ya miƙa masa mabuɗin.

A tasha ya sami bas mai zuwa Sakkwato, aka cusa shi a kujerar baya tsakanin wata mata mai kwandon tumatir da wani saurayi mai sauraron rediyo a waya. Maganin da aka ɗiga masa ya sa hasken rana yana sukar ido, ya ja hula ya rufe goshi. Kwalbar maganin da Ƙasimu ya ba shi tana aljihun gaba, yana jin sanyinta a ƙirji. Ya yi tunanin allo, da ƙananan rubutun takardun jarrabawa. Ya yi tunanin jami'an ilimi da za su zo, shi a tsaye yana nuna musu abin da ba zai ƙara gani ba. Ya yi tunanin Uwaliya, da yadda innarsa ta tsufa tana jan hannun mijinta zuwa bayan gida. Da ya zo kan 'ya'yansa, sai ya buɗe ido ya dubi titi.

Bai wuce Wurno kai tsaye ba. A Marnona, garin iyayensa, ya ce a sauke shi.

La'asar ta yi sanyi lokacin da ya isa ƙofar gidansu. Baba Mode yana inda yake kullum, a kan buzu a gindin bango, carbi a hannu, sanda a jingine a cinya. Halliru bai kai ga yin sallama ba tsohon ya ɗago kai.

"Halliru na?"

"Ni na, Baba. Salamu alaikum."

"Wa alaikumus salamu. Takunka na ji, ban ji mashin ba. Lahiya?"

Halliru ya tuɓe takalmi ya durƙusa, suka gaisa, ya tambayi jiki, ya tambayi Inna. A hanya ya shirya cewa babur ya lalace, ya bar shi wajen bakanike. Maganar tana bakinsa. Ya dubi idanun mahaifinsa, farare tas, baƙin a tsakiya, suna kallon wani wuri sama da kafaɗarsa.

"Mashin na Goronyo, Baba. Ƙasimu ya karɓe mabuɗi. Wajen duba ido na tahi."

Carbin ya tsaya.

"Wanne?"

"Na hagu."

"Duka?"

"Kusan duka. Na dama sun ce a yi ta magani, ko Allah shi sa a riƙe shi."

Daga cikin gida ana jin sautin turmi, da muryar Inna tana yi wa awaki faɗa. Wata babbar mota ta wuce a titi, warin albasa ya biyo ta har ƙofar gida.

"Nawa ma da hagu ya hwara," tsohon ya ce daga baya. "Ina cikin gona, ƙura ta shiga na dama, na murza, sai na ga dare. Ban gaya ma kowa ba. Na ce ai ɗaya ya isa."

"Ƙasimu ya ce ba hannu anka sa maka ba. Ciwo na, cikin jini. Ya ce in kawo ƙannena, su Isa da Fatsuma, a duba su."

"Ba hannu ba na." Baba Mode ya maimaita, a hankali, kamar yana ɗanɗana maganar. Akwai mutumin da tsohon ya daina gaisawa da shi tun wancan lokaci, bisa zargin shi ya sa masa hannu, har mutumin ya rasu bai je jana'iza ba. Halliru ya sani. "To. Allah shi gafarta muna."

Ya miƙo hannu yana lalube, Halliru ya kawo kansa kusa. Tafin mai kaushi ya sauka a kuncinsa na hagu, babban yatsa ya shafi fatar idon, ya tsaya a nan.

"Kada ka gaya ma innarka yau. Bari ta ci tuwonta. Ni za ni gaya mata da sahe, in aika a kira su Isa." Ya janye hannu. "Kai kuwa tashi ka tahi gida tun da sauran rana."

"Na ce in zauna mu yi magariba."

"A'a. Tahi ka dubi ɗiyanka. Ka zaunar da su ka dube su da kyau, da uwarsu." Ya laluba carbinsa ya ɗauka. "Ni ban san na biyun za shi tahi ba. Ina ta albasa. Ban tsaya na dubi kowa ba. Kai kanka, da gemun ga da nika ji, yaro nika ganinka mai kunnuwa."

Halliru ya ce to. Ya jawo takalminsa, amma bai sa ba. Ya gyara zama a ƙasa, ya ɗan karkata kai don idon dama ya samu daidai, ya dubi mahaifinsa: furfurar gira, tsagar da ke gefen kunci, jijiyoyin wuya, ɗan tabon lauje a haɓa.

"Ba ka tahi ba," in ji Baba Mode.

"Yanzu, Baba," Halliru ya ce, bai motsa ba.